Ruwa ya janye, wa zai ƙirga ɓarnar? Muhawara kan awon gonakin fadama da waya

Nasiru, Argungu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana mai ɗan tsawo, ku yi mini haƙuri. Duk shekarar da gulbi ya cika ya hau fadama, abu ɗaya muke gani. A zo da takarda a ce a kawo sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, a rubuta a gurguje, a tafi. Ranar da tallafi ya iso sai gari ya ɗauki zafi, wannan ya ce an tsallake shi, wancan ya ce an sa wanda ba shi da ko taƙi ɗaya a fadama. A 2020 an sanar cewa ruwa ya cinye shinkafa kadada kusan 450,000 a jihar nan ta Kebbi. Adadin ya shiga rediyo, ya shiga jaridu har na ƙasashen waje. Amma ka ce a nuna maka gonar wane a cikin wannan adadi, daga ina ta fara, ina ta tsaya, ba mai iya ɗora yatsa.

Ni aikin safiyo na karanta, wato awon ƙasa, kuma abin yana ci mini rai. Shawarata ita ce tun kafin damina ta kankama mu matasa mu bi iyakar gonaki da waya. Akwai manhaja mai suna KoboToolbox, kyauta ce, tana aiki ko babu sabis. Ka zagaya gona da ƙafa, waya ta zana iyakarta, ka sa sunan mai ita da abin da ya shuka, ka ɗauki hoto. In ruwa ya zo, sai mu ɗauko hoton tauraron ɗan'adam mu ɗora a kan wannan zane, mu ga gonar da ta nutse da wadda ta tsira. Me kuka gani?

Sani, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Nasiru, wanda ya iya cusa sunan ƙanen matarsa a takarda zai iya cusa shi a waya. Hannun ne matsala, ba alƙalamin ba.

Baba Garba, Augie: Ɗana Nasiru, jikana ka rubutawa, ni ka hwaɗi. Shekarar da ka ambata ina cikin waɗanda ruwa yac ci. Shinkahwata ta yi ciki, saura kaɗan ta hidda kai, ruwa yaz zo cikin dare. Da sahe da jirgi munka shiga gonar, muna kaha gora muna neman iyaka, gora na nutsewa har hannu. Kwana tara ruwan ga yay yi bisa gonar. Da yaj janye sai wari, kara duk ya kwanta ya yi baƙi. Anka zo anka rubuta suna. Da iri da taki sunka iso, wani da ko lauje bai iya riƙo ba shi yas samu buhu, ni ko kwano ban gani ba. Ban riƙe kowa ga rai ba, Allah na nan. Amma ina da tambaya guda. Tauraron ga naku, shina ganin wanda yan noma gona, ko ruwa kaɗai shika gani?

Nasiru: Baba, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ruwa kaɗai yake gani. Shi ya sa na ce sai mun riga mun bi gonakin da ƙafa.

Injiniya Bello, Kaduna: Baba ya yi tambayar da ta fi kowace. Bari in ɗan buɗa yadda abin yake, don kada a ɗora wa na'ura abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Taurarin da ake samun hotonsu kyauta iri biyu ne suka fi amfani a nan, duka na Tarayyar Turai. Sentinel-2 hoto yake ɗauka irin wanda ido ke gani, yana ratsowa kamar duk kwana biyar. Matsalarsa hadari. A watan Agusta da Satumba, lokacin da muke buƙatarsa, sai ka buɗe hoton ka tarar fari fat, gajimare ya rufe komai. Na biyun, Sentinel-1, da rada yake aiki. Yana aiko da sigina ƙasa ya saurari abin da ya dawo, ba ruwansa da gajimare, ba ruwansa da dare. Ruwan da ya kwanta lamɓas kamar madubi yake, siginar na zamewa ta yi gaba, sai wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto. Ka ɗauki hoton kafin ambaliya da na bayanta ka gwada, inda ya koma baƙi nan ruwa ya hau.

To ga inda gizo ke saƙa. Fadamar shinkafa dama cikin ruwa take. In shinkafa ta yi tsawo, kanta na waje ƙafarta na cikin ruwa, hoton ba ya yin baƙi, wani lokaci ma haske yake ƙarawa. Busasshen rairayi kuma yakan fito da duhu kamar ruwa. Sannan kowane ɗigo a hoton kusan mita goma ne tsawo da faɗi, kadada guda ɗigo ɗari ke nan. Babbar gona za ta fito sarai, amma ɗan fegin da bai wuce tsakar gida ba zai narke cikin na maƙwabci. Kuma tauraron ba kullum yake wucewa ta kanmu ba, yakan kai kwana goma sha biyu kafin ya dawo. Ruwan da ya hau ya sauka a tsakanin nan bai gan shi ba sam.

Sani: To Injiniya, da bakinka ka rushe maganar. Me ya rage?

Injiniya Bello: Ban rushe ba, Malam Sani. Abin da ya rage babba ne. In mutum ya zo ya ce ruwa ya ci masa kadada goma, aka duba aka ga gonarsa a kan tudu take, ruwa bai ko kusance ta ba, magana ta ƙare. In kuma aka manta da ƙauye sukutum saboda mota ba ta iya shiga, hoton zai nuna shi zagaye da ruwa kamar tsibiri. Dubi yadda fadamarmu take, tun daga Augie, Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Suru, har inda gulbin Rima ya haɗu da kogin Kwara, sannan a gangara Bagudo, Shanga, Yauri, Ngaski. Wane ayari ne zai taka wannan duka cikin mako guda a tsakiyar damina? Tauraro ya nuna inda za a dosa, ƙafa ta ƙarasa.

Kuma kwana taran da Baba ya faɗa shi ne asalin ma'aunin. Shinkafa na jure nutsewar kwana biyu ko uku. In ta daɗe ne take ruɓewa. Akwai iri biyu da aka fitar a 2017, Faro 66 da Faro 67, da aka yi su don su jure nutsewa har wajen mako biyu. Saboda haka gona biyu za su iya fitowa baƙi iri ɗaya a hoto, ɗaya ta mutu ɗaya ta tashi. Dole a tambayi manomi irin da ya shuka da kwanakin da ruwa ya yi.

Hajiya Luba, Jega: Ina ta karatu ina jira in ji an ambaci cikin gida, shiru. Ku maza kun tsaya a gona. Ni sana'ata turara shinkafa. Shekarar da ruwa ya shigo mana, shanshera buhu goma sha huɗu ke jibge a ɗakina, rabi bashi na ɗauko. Ruwan bai wuce gwiwa ba, kwana biyu ya fita. Buhunan ƙasa suka jiƙe, kafin in samu rana in shanya sun fara tsiro, farin saiwa ya huda buhu ya fito. Katangar ɗakin kuma ta sha ruwa, kana ganin layin danshi yana hawa kullum kamar ana jan sa da zare. Ran kwana na uku bayan ruwa ya tafi, da la'asar, ina tsakar gida ina tsince wadda ta tsira, sai na ji ƙasa na zuba. Ɗakin ya zauna gaba ɗaya, kwanon ya sauko ya rufe shi yadda yake, ko lanƙwasa bai yi ba. To Injiniya, wanda ya leƙo daga sama zai ga kwano lafiya lau. Ya zai san babu ɗaki a ƙarƙashinsa?

Da masu rubutu suka zo, a zaure suka tsaya. Mai gidan suka tambaya, ya faɗi gonarsa. Ba wanda ya tambayi akuyoyina biyu, ko tukunyar turarata, ko bashin da ke wuyana har yau ina biya.

Injiniya Bello: Hajiya, ba zai sani ba. Ginin ƙasa daga tushe yake mutuwa, kuma sau da yawa bayan ruwa ya tafi. Ba ni da amsar wannan daga sama.

Malama Hadiza, Bunza: Sannu Hajiya, Allah ya mayar miki da ninkinsa. Wannan gyaransa a ƙasa yake. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi aikin rigakafin shan inna lokacin da ake ba ayari waya a saka a jaka, tana nuna duk lungun da aka taka. Da farko mun ɗauka sa ido ne kawai ake yi mana. Amma da aka fara kawo taswirar da aka zana daga hoton sama, mun ga rugage da ƙananan unguwanni da ba sa cikin jerin da muke bi shekara da shekaru. Yaransu ba su taɓa ganinmu ba. Don haka na yarda da taswira, na ga amfaninta da idona. Sai dai abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne mata ne ke shiga gida. Nasiru, in samari kaɗai ka tara, a zaure za su tsaya kamar waɗancan. Ka sa 'yan mata a kowane ayari, kuma fom ɗin ya tambayi kowace mace abin da ta rasa da sunanta, har gayaunarta.

Ƙari ɗaya: a sa rijiyoyi da masai. Bayan ambaliya abin da ke kashe yara shi ne ruwan masai ya gangara rijiya, amai da gudawa ya ɓarke. In mun san rijiyar da ruwa ya haye, ita za a fara zuba wa magani.

Nasiru: Na rubuta, Malama. Wallahi rijiya ba ta zo mini a rai ba.

Malam Shehu, Gummi: Ku ba maƙwabcinku na Zamfara dama. Mu ma ruwa ya ci mu a watan Agustan 2024, gidaje da yawa sun kwanta a Gummi, don haka ba daga nesa nake magana ba. Amma ku yi tunanin abin da kuke shirin tarawa. Takarda guda mai nuna gonar kowa, yawan buhun da yake samu, inda rumbunsa yake, dabbobinsa nawa, da hanyar da ake bi a isa gidansa. A wajenmu wannan ita ce takardar da ɓarayin daji ke biyan masu kai musu rahoto su samo. In ta faɗa hannun da bai dace ba, kun rubuta musu wanda za su ɗauka da kuɗin fansar da za su nema. Sannan a ƙauyukanmu yau, baƙon yaro ya shiga gona yana zagayawa da waya a hannu yana ɗaukar hoto, kafin ya yi bayani an taru a kansa.

Batun sabis kuma, kun tuna Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya? Duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya cak.

Aminu, Aliero: Ni ɗalibi ne, ina ganin jirgi maras matuƙi zai fi sauƙi. Cikin awa ɗaya ya ɗauke ƙauye duka, har akuya ana gani.

Malam Shehu: Ɗana, kada ka soma. Ba a tashinsa sai da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A inda ake fama da 'yan bindiga, ka tashe shi ba izini ka jawo wa kanka da mai garin da ya sauke ka.

Injiniya Bello: Gaskiyar Malam Shehu ce, a ajiye maganar jirgi. Batun sabis yana da sauƙi, manhajar na adana komai a cikin waya har sai an samu layi. Batun sirri ne mai nauyi. A ganina a raba abin biyu. Hanyoyi, gadoji, makarantu, rijiyoyi da inda ruwa ya kai, waɗannan a sa su a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani, kowa ya gani. Haka aka yi a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, 'yan sa-kai daga ko'ina suka zana titunan babban birnin cikin kwanaki, masu ceto suka yi aiki da shi. Amma suna, rumbu da dabba kada su hau nan ko kusa. Kowace gona a ba ta lamba, littafin da ke haɗa lamba da suna ya zauna wurin mutum biyu ko uku da gari ya yarda da su. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ko ba doka, bai kamata ka ɗauki bayanin mutum ba tare da ya san inda za a kai shi ba.

Malam Shehu: A Kebbi ta gabar gulbi wataƙila ya yiwu. A wajenmu ni dai ba zan sa yawan dabba ko buhu a waya ba, ko da lamba. Iyakar gona da ɗakin da ya faɗi sun isa.

Sani: Har yanzu ba a taɓa inda ke yi mini ƙaiƙayi ba. Nasiru ya ce a sa sunan mai gona. Wane ne mai gona a fadama? Mahaifina ya ba wani aron gona tun ina firamare, har yau shi ke nomanta. Wata tana hannun wani a jingina. Wata haya ce ta damina ɗaya. Wata gado ce da ba a raba ba, mutum bakwai ke da haƙƙi. In ka sa sunan mai asali, wanda ya zuba iri da taki da guminsa ya tashi a tutar babu. In ka sa sunan mai noma, nan da shekara goma ɗansa zai ɗauko taswirarku ya je gaban alƙali ya ce ga shaida gonar ubansa ce. Rigimar gona ta raba zumunta fiye da yadda ruwa ya raba. Kuma talaka in ya ga ana awon gonarsa, abu biyu ke zuwa masa: haraji ko ƙwace. Ba zai faɗa maka ba, zai dai nuna maka rabin gonar ya ce nan ta tsaya.

Baba Garba: Yaron ga Sani ya hwaɗi gaskiya. Gonata guda ta aro ce, ta wani aminin babana. Ɗiyanshi na Sakkwato. In sunka ji an auna ta da sunana, gobe za su zo su amshe abinsu.

Nasiru: Yaya Sani, na kwana da maganarka. Da farko na ji kamar kana sare mini gwiwa ne, amma da na bi gonakin gidanmu ɗaya bayan ɗaya a raina, uku cikin biyar ba mai asalin ke nomansu ba. Ga abin da na gyara. Fom ɗin zai zama da gurbi biyu, mai asali da wanda ya noma bana, da yadda ta zo hannunsa: aro, haya, jingina ko gado. Asarar amfanin gona ta wanda ya noma ce. In ruwa ya yanke ƙasar kanta ko ya binne ta da rairayi, wannan ta mai asali ce. A saman kowane shafi a rubuta da Hausa da ajami cewa wannan ƙidayar ɓarnar ruwa ce ta shekara kaza, ba shaidar mallaka ba ce. Kuma wayar kanta tana kuskuren mita uku zuwa biyar, ba abin da za a raba iyaka da shi ba ne, zan faɗa wa mutane haka tun farko. Wanda ya ce ba ya so, a wuce gonarsa.

Sani: Gurbi biyun ya yi. Rubutun saman shafi kuwa ban san ko zai hana mai son rigima ba. Amma na fi yarda da wannan a kan na jiya.

Buba, Dakingari: A sa burtali da mashaya. In fadama ta cika, shanu tudu suke hawa, tudu kuma gero ne da dawa. Nan faɗa ke tashi kowace shekara. Mu ma ruwa na cin mu, maruƙa na tafiya, ba a taɓa rubuta mu ba don ba mu da gona.

Malama Hadiza: Haka ne Buba. Da masunta ma, wanda ruwa ya tafi da jirginsa da komarsa.

Sani: To in an gama duk wannan wahala, wa ya ce masu rabo za su duba?

Injiniya Bello: Ba wanda zai yi maka alkawari. Amma NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da takwararta ta jiha da ƙungiyoyin agaji duk da alƙaluma suke aiki, kuma garin da ya zo da taswira da hoto mai kwanan wata ya fi wanda ya zo da baki ƙarfin magana. Sannan amfanin bai tsaya a rabo ba. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a ƙasar nan, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana ambata ƙananan hukumomi. Ƙaramar hukuma faɗi gare ta. In muna da zanen inda ruwa ya kai a 2010 da ruwan madatsar Goronyo ya sauko, da 2020, da 2022, za mu iya ce wa mutum unguwarku ce ke fara nutsewa, ka ɗauke shansherarka ka kai tudu tun yanzu. Tsofaffin hotunan Sentinel-1 suna nan ajiye tun wajen 2015, na 2010 kuwa dattawa za su nuna mana a jikin itace da katanga.

Baba Garba: Wanga ina iya nuna muku. Akwai tsamiya bakin hwadamarmu, na san inda ruwan kowace shekara yat tsaya gare ta. Amma ga sharaɗina, Nasiru. In kun gama, kada abin ya tahi birni sai an karanta shi ga jama'a. A tara mutane ƙohwar hakimi bayan Juma'a, a kira suna da ƙarhi, a ce wane gona kaza, ruwa kwana kaza. Wanda anka tsallake shi tashi shi yi magana, wanda yaƙ ƙara maƙwabcinshi na nan zaune. Mu mun san junanmu, ba mai iya ƙarya gaban wanda sunka haɗa iyaka.

Hajiya Luba: Mata ba sa zuwa ƙofar hakimi, Baba. Namu a karanta a makarantar Islamiyya ranar Asabar. Ni zan nemo 'yan mata biyu masu waya, ɗaya ɗiyar ƙanwata ce tana Argungu, ta iya irin wannan cike-ciken.

Nasiru: Na karɓa duka biyun. Mu gwada da ƙauyen Baba kaɗai tukuna, gona talatin, mu ga inda za mu yi tuntuɓe. Zan fara zuwa gaida hakimi ranar Alhamis in yi masa bayani, Baba ya raka ni. Aminu, ka zo da abin cajin waya mai hasken rana. Injiniya, a turo mana hoton Satumban 2020 na wajen.

Injiniya Bello: Zan haɗa shi daren nan, in buga a babbar takarda in ba direba ya kawo tasha, don dattawa su gani da ido ba a ƙaramin gilashin waya ba.

Baba Garba: Ku taho da sahe kahin rana ta yi zahi, ku sa takalmin da ba ku jin tausai. Kuma ba da gonata za a hwara ba. Akwai wata tsohuwa da munka haɗa iyaka, mijinta ya rasu shekara shida, ita da jikokinta ka noman wurin. Ruwa ya ci ta sau biyu, sunanta bai taɓa shiga takarda ba. Nan za mu hwara.